Riba tun wurin saye: yadda kamfanin Toyota ke riƙon masu kawo masa kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar mota a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Wadata a Yamai, ba sai an gaya masa motar da ta fi yawa a ƙasar nan ba. Hiace ke jigilar masu cin kasuwar ƙauye, Hilux ke ɗaukar buhunan gero da albasa, Land Cruiser ke keta rairayi zuwa Agadas, Starlet da Corolla kuwa su ke taksi cikin gari. In ka tambayi direba dalili, amsar ba ta wuce biyu: motar tana da ƙwari, kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, galibin abin da ke jikin motar nan ba Toyota ne ya ƙera shi da hannunsa ba, saye ya yi. Mota guda, in aka ƙidaya har da noti da kusa, tana da sassa wajen 30,000, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kayan da ke jikinta wasu kamfanoni ne dabam suka ƙera suka kawo: taya, gilashi, fitila, batir, kujeru, wayoyin lantarki, birki. Ke nan kafin Toyota ya zama babban mai sayar da mota, babban mai saye ne. Matsalar da ke gabansa kowace safiya kuwa ita ce wadda ke gaban Alhajin da ke saro atamfa a Kano, da Hajiyar da ke sayen gyaɗa don yin mai da ƙuli-ƙuli: wurin wa zan saya? Nawa zan taya? Mutum guda zan riƙe ko da yawa? In na matsa masa ya rage, me zai biyo baya? Shi ya sa muka ga ya dace yau mu leƙa ƙasar Japon, mu ga yadda manyan suka amsa waɗannan tambayoyi, da inda suka ci riba, da inda suka sha kashi.

Daga masaƙa zuwa mota

Asalin gidan Toyoda masu ƙera injin saƙa ne. Sakichi Toyoda shi ya yi suna da masaƙa mai aiki da kanta, ɗansa Kiichiro kuma shi ya kafa kamfanin mota a 1937. A lokacin Japon ba ta da ƙwararrun masu ƙera kayan mota kamar Amurka, kamfanin kuma ba shi da jarin da zai yi komi da kansa. Dole ta sa ya nemi ƙananan maƙera da masu ƴan masana'antu da ke kewayen birnin Nagoya, ya koya musu aiki, ya riƙa saye a wurinsu. A ƙa'idar saye da kamfanin ya rubuta a 1939 an nuna cewa duk wanda aka ɗauka a matsayin mai kawo kaya, a ɗauke shi tamkar wani reshe na gidan, kada a sauya shi haka kawai, a yi ƙoƙari aikinsa ya inganta. A 1943 waɗannan masu kawo kaya suka haɗu cikin ƙungiya guda mai suna Kyohokai, wadda har yau tana nan.

Wasu daga cikinsu ma daga cikin gidan suka fita, kamar yadda maigida ke sallamar yaronsa ya ba shi jari ya buɗe nasa shago. Sashen kayan lantarki ya ware a 1949 ya zama kamfanin da yanzu ake kira Denso, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera kayan mota a duniya. Aisin, mai ƙera giya da kayan birki, shi ma ɗan gida ne. Toyota yana riƙe da hannun jari a cikinsu, amma kowa da littafinsa, kowa da ribarsa da asararsa, kuma ba a hana su sayar wa wasu kamfanonin mota ba. Irin wannan zama na babban gida da ƙananan gidaje a kewaye shi Japanawa ke kira keiretsu.

A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa. Motoci sun taru babu masu saye, kuɗi sun ƙare, ma'aikata suka yi yajin aiki, sai da bankuna suka sa hannu, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Darasin da suka ɗauka daga wannan wahala kowace mai tebur a kasuwa ta san shi: kayan da ke kwance a mangaza kuɗi ne da aka ɗaure.

Kayan da ba ya kwana a mangaza

Wani injiniya mai suna Taiichi Ohno shi ya tsara hanyar da aka san Toyota da ita. Ya lura da yadda manyan kantunan Amurka ke aiki: mai saye ya ɗauki abin da yake bukata, mai kanti ya mayar da daidai abin da aka ɗauka. Sai ya kawo wannan cikin masana'anta. Kowane akwatin kaya yana da ɗan kati da suke kira kanban. In akwati ya ƙare, katin ya koma wurin mai kawo kaya, shi ne odar wani akwatin. Motocin kaya na shigowa sau da yawa a yini, kowace da ɗan abin da za a yi aiki da shi cikin ƴan awoyi. Babu tara kaya, babu kuɗin haya na manyan mangazu, in kuma aka samu aibi a wani kaya nan take ake gani, tun ba a ƙera dubbai irinsa ba.

To amma wannan tsari ba ya yiwuwa da baƙo. Wanda zai kawo maka kaya ƙarfe takwas, ya dawo sha biyu, ya dawo la'asar, kuma ba ka buɗe akwatin ka ƙidaya, dole ya zama wanda ka sani ya san ka. Saboda haka Toyota ya ɗora sayensa a kan wasu ƙa'idoji.

Na farko, ba ya fara ciniki da tambayar wa ya fi araha. Yana fara lissafi ne daga kasuwa: nawa mutane za su iya sayen wannan mota? A cire riba, abin da ya rage a raba shi kan sassan motar, a ce fitila kada ta wuce kaza, kujera kada ta wuce kaza. Sa'an nan a zauna da mai kawo kaya, injiniyoyinsa da na Toyota, tun motar tana kan takarda, a duba yadda za a kai ga wannan farashi ba tare da an rage ƙwari ba.

Na biyu, sau da yawa yakan riƙe gidaje biyu masu iya ƙera abu iri ɗaya. Wanda ya samu aikin wata mota yakan riƙe shi har ƙarshen zamanin samfurin, wajen shekara huɗu ko fiye. Wanda ya yi sakaci ba a korarsa rana ɗaya, sai dai a rage masa kaso a mota ta gaba a ƙara wa abokin takararsa. Kowa ya san ba za a yi masa korar kare ba, kowa kuma ya san ba shi kaɗai ba ne.

Na uku, tun shekarun 1970 kamfanin ke aika ƙwararrunsa su zauna a masana'antun masu kawo masa kaya, su duba inda ake ɓarnar lokaci da ƙarfe da wuta, su gyara tare, ba tare da an biya su ba. A madadin haka yana sa ran farashi ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai kawo kayan da ya gano dabarar rage kuɗin aiki da kansa akan bar masa ribar dabararsa na wani lokaci, don gobe ya sake neman wata.

Ranar da wuta ta tashi

Amana sai ranar wahala ake sanin ta. Da asubahin Asabar 1 ga watan Fabrairu 1997 gobara ta tashi a masana'antar Aisin da ke garin Kariya. A nan ake ƙera wani ɗan ƙarfe da bai fi kwalin taba girma ba, wanda ke daidaita ƙarfin birkin baya don kada mota ta zame. Kuɗinsa wajen dalar Amurka 5, ba dalarmu ta sefa ba, wato kusan jika uku a canjin wancan lokaci. Amma babu motar da za ta fita ba shi, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na wanda Toyota ke amfani da shi daga wannan wuri guda yake fitowa. A nan kamfanin ya saɓa wa ƙa'idarsa ta riƙe gida biyu, saboda Aisin ya ƙware, kayansa kuma sun yi araha. Injuna fiye da 500 suka ƙone. Ga shi babu ajiya a mangaza, ga shi kuma lokacin ciniki ne, domin gwamnatin Japon za ta ƙara harajin saye daga kashi 3 zuwa 5 a watan Afrilu, jama'a na rububin sayen mota kafin lokacin. Cikin ƴan kwanaki masana'antun Toyota a Japon, masu fitar da mota wajen 14,000 a yini, suka tsaya cik. Masu lura da al'amura suka ce sai an yi makwanni kafin a farfaɗo.

Ba tare da ɓata lokaci ba Aisin ya fara aika zanen ƙarfen ga duk wanda ke da injin da zai iya huda ƙarfe. Kamfanoni fiye da 200 suka shiga aikin, wajen 60 daga cikinsu suka ƙera ƙarfen da kansu, sauran suka taimaka da injuna da ma'aikata da kayan aiki. Har kamfanin Brother, wanda telolinmu suka sani da keken ɗinki, ya gyara wani injinsa ya shiga ƙera kayan birki, abin da bai taɓa yi ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Koritsu Sangyo shi ya fara kawo nasa cikin kwana biyu zuwa uku. Babu wanda ya tsaya sai an rubuta masa kwangila, babu wanda ya tsaya cinikin nawa za a biya shi. Kafin sati ya cika motoci sun fara fita, bayan kamar kwana goma aiki ya kusa komawa yadda yake. Toyota ya yi asarar ƙera mota wajen 70,000, ya kuma rama mafi yawansu daga baya.

Da ƙura ta lafa, Aisin ya biya kowa abin da ya kashe. Toyota kuma ya ƙara wa manyan masu kawo masa kaya kashi 1 cikin ɗari na duk cinikin da suka yi da shi daga Janairu zuwa Maris na shekarar, kuɗin da ya kai wajen dalar Amurka miliyan 100, da yawansu kuma suka miƙa wani kaso ga ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Kada mu ɗauka tausayi ne kawai ya sa suka taru. Kowannensu ya san in Toyota ya tsaya shi ma ya tsaya, ya kuma san daga abin da ya gani shekara da shekaru cewa wanda ya taimaka ba za a manta da shi ba.

Wanda ya zo da wuƙa

A Amurka wata hanyar aka bi. A farkon shekarun 1990 General Motors, wanda a lokacin ya fi kowane kamfanin mota girma a duniya, yana ta tafka asara. A 1992 aka ɗauko wani ɗan ƙasar Sipaniya mai suna José Ignacio López daga reshen kamfanin na Turai, aka damƙa masa duk harkar saye. Mutum ne mai zafin nama, yana kiran ma'aikatansa mayaƙa, har ya sa suka mayar da agogonsu hannun dama don su riƙa tuna cewa kamfani na cikin yaƙi. Ya buɗe kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu, ya ce a sake tayi, ya nemi ragi mai yawa, a wasu wuraren har kashi 20 cikin ɗari. Masu kawo kaya suka yi ta kukan cewa ana ɗaukar zanen da suka ɓata shekaru da kuɗi suna yi, a nuna wa abokan takararsu a ce wa zai yi shi da araha.

A takarda abin ya yi kyau, an tsimi kuɗi masu yawa cikin ƙanƙanen lokaci. To amma wanda aka matsa wa ya rage farashi ba tare da an taimaka masa ya rage kuɗin aiki ba, hanya biyu gare shi: ko ya karye, ko ya rage ƙwari. Wanda ya ƙirƙiro sabon abu kuma sai ya ɓoye, ya kai wa wanda ba zai tona masa asiri ba. A Jamus, inda motocin Opel suka yi fama da ƙorafin masu saye a waɗannan shekaru, har yau in ana maganar arahar da ta ɓata kaya sunan López ake kira. Shi kansa bai daɗe ba: a watan Maris 1993 ya koma Volkswagen, General Motors ya zarge shi da tafiya da takardun sirri, aka shiga shari'a. A Janairu 1997 aka sasanta, Volkswagen ya biya dala miliyan 100, ya kuma yi alkawarin sayen kaya na dala miliyar 1 a wurin General Motors. Delphi, babban mai kawo wa General Motors kaya, ya karye a 2005, General Motors kansa ya bi a 2009 sai da gwamnatin Amurka ta ɗaga shi. Dalilan faɗuwar suna da yawa, ba saye kaɗai ba ne. Amma akwai wani bincike da ake yi kowace shekara a Amurka tun farkon shekarun 2000, inda ake tambayar masu kawo kaya wane kamfani suka fi jin daɗin hulɗa da shi, kuma kusan kullum Toyota da Honda ke sama.

Zumunci ma yana da nasa ciwo

Kada mai karatu ya ɗauka cewa riƙe tsohon abokin ciniki kullum alheri ne. Nissan ma ɗan Japon ne, shi ma yana da nasa gidajen a kewaye. Amma a wurinsa zumunci ya koma nauyi. Manyan ma'aikatan da suka yi ritaya sukan koma shugabancin kamfanonin da ke kawo kaya, mai saye kuma ya ji kunyar taya wa tsohon maigidansa. Farashi ya hau, bashi ya yi katutu. A 1999 Renault na Faransa ya sayi kashi 36.8 cikin ɗari na Nissan, ya turo Carlos Ghosn. A watan Oktoba na shekarar ya bayyana shirinsa: masu kawo kaya 1,145 za a rage su zuwa 600, kuɗin saye ya sauka da kashi 20 cikin ɗari cikin shekara uku, a sayar da hannun jarin da Nissan ke da shi a kamfanoni sama da dubu, a rufe masana'antu biyar, a rage ma'aikata 21,000. An yi kuka, amma cikin shekara biyu Nissan ya koma cin riba.

Sai dai matsi in ya zama ɗabi'a ba ya sanin iyaka. A watan Maris 2024 hukumar da ke sa ido kan adalcin ciniki a Japon ta tsawata wa Nissan saboda ya zaftare wa ƙananan masu kawo kaya 36 kuɗin da ya kai yen miliyar 3 daga abin da aka yi alkawarin biyansu. Ghosn kuwa an kama shi a Tokyo a 2018 kan zargin da ya shafi kuɗi, ya tsere zuwa Lubnan a ƙarshen 2019.

Toyota ma ba waliyyi ba ne. A shekara ta 2000 ya fito da shirin rage kashi 30 cikin ɗari na kuɗin manyan sassa wajen 170, ƙananan maƙeran da ke can ƙasan tsani kuma sun daɗe suna cewa duk ragin da aka yi a sama a kansu yake sauka. A 2009 da 2010 ya janye motoci miliyoyi saboda matsalar totur, wani ɓangare na matsalar kuma daga wani sashe ne da wani kamfani ya ƙera masa, har shugabansa Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar Amurka a watan Fabrairu 2010, ya amsa cewa kamfanin ya yi saurin girma fiye da yadda zai iya kula. A watan Yuli 2024 hukumar nan ta Japon ta tsawata wa wani reshen Toyota saboda ya bar wa ƙananan maƙera ajiyar kayan aikinsa ba tare da biyan kuɗin ajiya ba. Bambancin da ke akwai shi ne, Toyota yakan san lokacin sassautawa: a 2022, da tsadar ƙarfe da wuta ta yi yawa, ya dakatar da neman ragin da ya saba.

Wanda ke bayan wanda ka sani

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka auka wa arewa maso gabashin Japon. Toyota yana ganin ya raba ƙafa, tunda yana saye a gidaje da yawa. Sai ya tarar cewa gidajen nan, in aka bi su ƙasa hawa uku ko huɗu, da yawansu wuri guda suke komawa. Misali, ƴan mitsi-mitsin ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa injin mota, kaso mai yawa daga masana'antar Renesas ta garin Naka suke fitowa, ita kuma ta lalace. Sai da aka yi wajen wata shida kafin aiki ya daidaita.

Daga nan kamfanin ya sauya abu biyu. Ya tattara bayanin masu kawo kaya hawa-hawa, har waɗanda bai taɓa ciniki da su kai tsaye ba, don in wani abu ya faru a wani gari ya san nan take wane kaya zai yanke. Ya kuma ware kayan da samunsu ke ɗaukar lokaci, ya ce masu kawo su su riƙe ajiyar wata biyu zuwa shida. Ma'ana, gidan da ya koya wa duniya rashin tara kaya shi ya dawo yana tara wasu, amma zaɓaɓɓu. Da ƙarancin ƙwaƙwalwar lantarki ya game duniya bayan annobar korona, ajiyar nan ta riƙe shi watanni bayan wasu sun tsaya, har a 2021 ya fi General Motors sayar da mota a cikin Amurka, abin da babu wanda ya yi tun 1931. Duk da haka a watan Satumba na shekarar sai da ya rage aiki da kashi 40 cikin ɗari, da cutar ta rufe masana'antu a Maleshiya da Biyetnam. Ranar 1 ga Maris 2022 kuma masana'antunsa 14 na Japon suka tsaya yini guda, saboda ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocin kamfani guda mai kawo masa kayan roba. Babu dabarar da ke toshe kowace ƙofa.

Mu dawo kasuwarmu

Labarin nan ba nesa yake da mu ba. Kamfanin CFAO, wanda kakanninmu suka sani tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma shi ke sayar da sababbin motocin Toyota a Yamai, tun 2012 ya koma hannun Toyota Tsusho, reshen fatauci na gidan Toyota. Riƙon amana kuwa ba sai Japanawa sun koya mana ba. Alhazan Maraɗi da abokan cinikinsu na Katsina da Kano sun yi shekaru suna ba juna kaya na miliyoyi ba takarda, sai magana. Abin da za mu iya ƙara a kai shi ne lissafi.

Wanda ke kawo miki kaya, ki san kuɗin da yake kashewa. In mai kawo gyaɗa ya ce buhu ya hau, tambayar da ta fi amfani ita ce ina kuɗin ke tafiya: mota ce, ko dako, ko asarar hanya? Wata rana haɗa oda da maƙwabciya a cika mota guda ya fi awa biyu ana ja-in-ja a kan dala ashirin. Wanda kuwa aka matsa wa har ya rasa riba, in bai gudu ba zai rama a mudu, ko a tsakuwa cikin buhu.

Biya a kan lokaci shi ma jari ne. Ranar da kaya suka yi wuya, mai kawo kaya ba ya fara tuna wanda ya fi taya masa da tsada sau ɗaya, yana tuna wanda bai taɓa sa shi ya yi zirga-zirgar bin bashi ba.

Riƙe mutum biyu ba cin amana ba ne, in kowa ya san matsayinsa. Amma a bincika ko biyun ba rijiya guda suke ɗiba ba. Mun gani da idonmu: da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan Yuli 2023 lokacin da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma zagayowa ta Lome, mai dillalai uku da mai dillali guda duk tare suka zauna, in dai dukan kayan ta hanya ɗaya suke biyowa.

Ajiya kuma a zaɓa. Tumatir da ake samu kowace safiya ba a tara shi. Abin da sai ya ƙetare iyaka biyu kafin ya iso, wanda kuma in babu shi sana'a ta tsaya, ko da ƙaramin abu ne kamar ƙarfen birkin nan na jika uku, shi ya cancanci a ɗaure masa kuɗi.

Na ƙarshe, zumunci kada ya hana duba littafi. In ɗan uwa ne ke kawo kaya, farashinsa kuma ya fi na kasuwa shekara da shekaru, kunya ba za ta biya bashin banki ba. A zauna da shi tun da wuri, a gaya masa gaskiya, a ba shi lokaci ya gyara. Nissan bai yi haka ba sai da baƙo ya zo ya yi masa da wuƙa.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya haɗa mu da abokan ciniki na gari.